Nazari a Kan Tsaga Adireshin IP

Kafin mu shiga batun, ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Adireshin IP lamba ce da ake bai wa kowace na'ura da ke kan sadarwar kwamfuta domin saƙo ya san inda zai sauka. Bit kuwa shi ne ƙwayar lissafin kwamfuta, wadda ba ta wuce 0 ko 1. Tsarin IPv4, wanda aka shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1981, bit 32 gare shi, saboda haka adireshin da zai iya samarwa bai kai biliyan 4.3 ba. Tsagawa, wadda ma'aikatan sadarwa ke kira sabnetin, ita ce raba rukunin adireshi guda zuwa ƙananan rukunoni.

Kowane adireshi kashi biyu ne: na farko yana nuna unguwa, wato rukunin, na biyu yana nuna gida, wato na'urar. Nazarinmu duka ya rataya ne a kan inda aka ja iyaka tsakaninsu. Da farko iyakar a kafe take cikin aji uku. Ajin A na da adireshi 16,777,216, ajin B 65,536, ajin C kuma 256. Ma'aikata mai kwamfuta 2,000 ta fi ƙarfin ajin C, sai a damƙa mata ajin B, adireshi sama da 63,000 su zauna ba mai amfani da su. A ganinmu wannan almubazzaranci ne. A 1985 aka fitar da ƙa'idar tsagawa, a 1993 kuma tsarin CIDR ya kawar da azuzuwan, iyaka ta koma inda buƙata ta ajiye ta.

Mu ɗauki rukunin 192.168.1.0/24. Lambar 24 na nufin bit 24 na unguwa ne, 8 na gida, adireshi 256 ke nan. Idan muka ari bit biyu daga na gida, sai ya zama /26: rukuni huɗu, kowanne da adireshi 64. Sai dai 62 kaɗai ake rabawa, domin na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga dukkan na'urorin ciki. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Da irin wannan rabo ake ware kwamfutocin ofishin kuɗi daga wayoyin baƙi, shelar wani rukuni kuma ba ta damun wani.

Tattalin da tsagawa da CIDR suka kawo ya jinkirta ƙarewar adireshi, amma bai hana ta ba. A Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai rabon adireshi a duniya, ta raba rukunoni biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda hedikwatarta ke Mauritius.