Sojojin Ruwan Najeriya da Tsaron Hanyar Fetur

Rundunar Sojojin Ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, ita ce ke gadin gaɓar ƙasar a Mashigin Tekun Gini. Gagarawa da Gumel ba su da teku, amma shekaru da dama fetur ɗin da ke tayar da injin ban-ruwa da babur a can ta jirgin ruwa yake iso Legas, kafin tankoki su ɗauko shi zuwa Arewa. Duk ranar da 'yan fashin teku suka tare jirgi, kuɗin inshora kan tashi, talaka ya ji a aljihunsa. Shi ya sa dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 ke da muhimmanci. A Arewa ma, rundunar tana da kwaleji a Dawakin Tofa, jihar Kano.