Mariƙi da Kube: Labarin Adon Wuƙa da Takobi a Ƙasar Gwandu

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wannan magana ta dace da wuƙa da takobi, domin kome kaifin ruwan wuƙa ba ta moruwa sai da mariƙi, ba ta kuwa ɗaukuwa sai da kube. Duk wanda ya zaga ƙasar Gwandu, daga birnin har Dangoma da Kalgo da kasuwar Jega, zai ga wuƙa a hannun mahauci da makiyayi da manomi, ran salla kuma ya ga takobi rataye da hamila a kafaɗar mahaya. To, bari mu duba mu ga da me magabata suka yi wa waɗannan makamai mariƙi, da dalilin da ya sa suka zaɓi wani abu suka bar wani.

Gwandu gari ne da ya tashi cikin yaƙi. Cikin shekarar 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Shehu Usmanu ya sauka Gwandu, a wannan shekara kuma aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha wuya kafin su kori abokan gaba daga bakin garin. Makaman zamanin nan su ne baka da kibiya, da mashi, da takobi. Da aka raba sha'anin mulki cikin 1812, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi, daga baya Nufe da Ilori suka zama ƙarƙashin Gwandu. Wannan ya buɗe hanya tsakaninta da ƙasar Nufe, wadda maƙeranta na Bida suka shahara wajen aikin tagulla.

Ba dukan ruwan takubba aka ƙera a nan ba. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya kuma sauka Gwandu cikin 1853 zamanin Sarki Halilu, ya kimanta cewa ana kawo wa Kano ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara ta hamada. Yawancinsu ƙirar Solingen ne, wani gari na Jamus. Tsirara suke zuwa, sai a Kano a sa musu mariƙi da kube, sa'an nan a sayar wa Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari da Abzinawa. Kun ga ashe ƙarfen baƙo ne, amma tufarsa ta gida ce. A cikin tufar nan gwanintar mutanenmu take.

Sana'a huɗu ke haɗuwa a kan wuƙa guda. Maƙerin baƙi shi ke da ruwan ƙarfe. Maƙerin fari shi ke da tagulla da jan ƙarfe da azurfa. Majemi shi ke gyara fata, baduku kuma ya ɗinka kube.

Wajen itace, ba kowane ake ɗauka ba. Ana son mai tauri wanda ba ya tsagewa, irin su ƙirya da marke da kanya da aduwa. Maƙeri yakan gasa wutsiyar wuƙa har ta yi ja, ya cusa ta cikin itacen ta ƙona wa kanta gurbi. Da yake nan ne itace ya fi saurin tsagewa, sai a ɗaure bakinsa da zoben tagulla ko a naɗe shi da waya. Watau zoben nan da muke gani kamar ado ne, asalinsa magani ne. Ƙahon sa ko na rago shi ma yana shiga, gama in an gasa shi yakan yi laushi ya lanƙwasu, in an goge shi ya yi sheƙi. Aibinsa ɗaya, yakan dare da hunturu idan ba a shafa masa mai.

Fata kuwa ita ce abin alfaharin wannan yanki. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take isa gare su. Da bagaruwa ake jeme ta, a rina ta ja da karan dafi, ko rawaya da gangamau, ko baƙi da kuloko. Tsanwa ita ce mai wuyar samu, gama da garin tagulla ake haɗa ta, shi ya sa ake tsimin ta, a sa ta 'yar kaɗan cikin zane. Baduku yakan naɗa fata a mariƙi tana da danshi, in ta bushe ta kama gam, hannu mai gumi ba ya santsi a kanta. Cikin kube kuma akwai siraran itace ko fata mai kauri, don kada kaifi ya huda ya ji wa mai shi.

Saura azurfa. Maƙeran fari sukan narka dalar nan ta Mariya Teresa, wadda ake bugawa da shekarar 1780, su yi ado da ita. Amma a nan malamai suna da magana. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidi, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya halatta adon azurfa ga zobe da takobi da Alƙur'ani, ya hana shi ga linzami da sirdi da wuƙa. Saboda haka mai kiyaye wannan hukunci, takobinsa yana iya ɗaukar azurfa, wuƙarsa kuwa ta tsaya ga tagulla da ƙaho da fata.

Zuwan Turawa ya juya al'amari. Sakkwato ta faɗi cikin 1903, bayan tashin Satiru na 1906 kuma fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kabi. Yaƙi ya ƙare, takobi ya zama kayan hawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, tarkacen ƙarfe ya yawaita, aka daina wahalar narka tama. Daga baya ƙarfen tsohuwar mota ya zama ruwan wuƙa, goran ruwa da roba suka shiga gurbin tagulla da ƙaho.

Sa'ad da abu ya fara ɓacewa, sa'an nan ake sanin darajarsa. An buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos cikin 1952, cikin 1964 kuma A. D. H. Bivar ya wallafa littafi a kan makaman Jihar Arewa. Yau akwai masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka, abin da suka fi dubawa kuwa shi ne ko mariƙi da kube na asali ne. Mutum yakan ga fatar takobin kakansa ta tsufa, ya kai a kware ta a sa sabuwa, yana zaton gyara ya yi, alhali ya zubar da shaidar da ke nuna garin da aka yi aikin da zamaninsa.

Akwai kuma doka. Tun 1979 Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke da ikon hana fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba. Cikin 1989 kuma ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin hauren giwa tsakaninsu, don haka mai ƙera sabuwar wuƙa ya nisanci haure, ƙaho da ƙirya sun ishe shi.

To, ya kai mai karatu, in akwai tsohon takobi a gidanku, kada ka goge shi da yashi, kada ka sake masa fata. Ka rataye shi inda damina da gara ba su kai. Tun da Allah ya sa ka iya rubutu, ka je wurin dattawa ka tambayi wanda ya mallake shi, da inda aka saye shi, da hawan da ya yi, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.