Daga Buga-buga Zuwa Yau: 'Yan Sanda da Amanar Jama'a

'Yan'uwa, a nan Bulpiela idan aka yi wa mutum sata, sau da yawa sai ya tafi wajen liman ko mai unguwa kafin ya tuna da ofishin 'yan sanda. Wannan ɗari-ɗarin ba yau ya fara ba.

A 1873 Kyaftin Glover ya kawo dakarun Hausawa daga Ikko domin yaƙin Asante, wanda ya kai ga ƙone Kumasi a 1874. Irin waɗannan dakaru Turawa suka riƙa ɗauka aikin tsaro a Gold Coast. Aikinsu shi ne kare mulkin Bature da hanyoyin cinikinsa, ba talaka ba. Har mutanen kudu suka raɗa musu suna "buga-buga", da harshenmu. Abin da ciwo, amma kakanninmu ne aka ba sandar. Da Tamale ta zama hedikwatar arewa a 1907, wannan tsari ne ya iso mana.

Ranar 28 ga Fabrairu 1948, wani hafsan 'yan sanda Bature mai suna Imray ya harbe tsofaffin sojoji uku a Accra: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Haƙƙinsu kawai suka fito nema. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin kai a 1957.

Sai dai tuta ta canja, hali bai gama canjawa ba. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan zangon Asawase a yankin Manso-Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar hakan ba. Aka dakatar da jami'ai, aka biya iyalai diyya.

To, me ya sa aka yi wannan bincike? Saboda mutanen zango ba su yi shiru ba, sarakuna da malamai suka tsaya tare da su.

Darasinmu ke nan. Amana hanya biyu ce. Wajibi ne ɗan sanda ya bar cin hanci da duka. Mu ma kada mu ɓoye ɓarawo don ɗan unguwa ne, kada mu far wa wanda ake zargi, kada mu gudu in an nemi shaida. In mun bar kotu da caji ofis ga masu kuɗi kaɗai, wa zai tsaya wa marayan da aka zalunta?

Allah Ya ba mu shugabanni adalai.