Nagios

Nagios manhaja ce ta sa ido a kan na'urorin sadarwar kwamfuta, irin su saba da rauta da na'urar buga takardu. Aikinta shi ne bincikar kowace na'ura lokaci-lokaci, ta kuma sanar da mai kula da cibiyar ta imel ko saƙon waya idan wata ta daina aiki. An rubuta ta da harshen C, kuma ta fi aiki a kan Linux.

Tarihi

Ethan Galstad, ɗan ƙasar Amurka, ya fitar da manhajar a shekarar 1999 da sunan NetSaint. A 2002 aka sauya mata suna zuwa Nagios saboda taƙaddama kan mallakar sunan. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar gyara ta. A 2009 wasu masu haɓaka ta suka ɓalle suka kafa Icinga.

Yadda take aiki

Nagios ba ta yin binciken da kanta. Wasu ƙananan manhajoji ne take aikawa, kowacce ta dawo da lamba: 0 lafiya lau, 1 gargaɗi, 2 matsala mai tsanani, 3 ba a gane halin da ake ciki ba.

Karanta fayiloli da yawa

Babban fayil ɗin saiti shi ne nagios.cfg, kuma a cikinsa ake nuna inda bayanan na'urori suke. Umarnin cfg_file yana nuna fayil ɗaya tak, don haka duk sabon fayil sai an ƙara masa layi. Shi kuwa cfg_dir babban jaka yake nunawa, sai manhajar ta karanta duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .cfg a ciki, har da na ƙananan jakunkunan da ke ƙarƙashinta.

Misali, ma'aikatar da ke da ofisoshi a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa a Jihar Jigawa za ta iya ware wa kowane gari fayil ɗinsa. Idan aka sauya adireshin wata na'ura a Roni, fayil ɗin Roni kaɗai za a taɓa. Saitin da na'urori suka yi tarayya a kai, kamar tazarar bincike, ana rubuta shi sau ɗaya a matsayin samfuri, sauran su gaje shi ta umarnin use.

Matsaloli

Kuskure a fayil ɗaya yana iya hana manhajar tashi, cibiyar ta zauna babu mai sa ido. Hakan na yawan faruwa idan aka bar tsohon kwafi mai ƙarshen .cfg a cikin jakar, domin sunan na'ura ɗaya zai fito sau biyu. Shi ya sa ake gwada saitin da umarnin nagios -v kafin a sake kunna ta, wanda ke nuna fayil da layin da kuskuren yake.