Daga Goyo Zuwa Allo: Tarihin Makarantar Da Ba Ta Da Suna a Birnin Katsina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Hunturu ya fara tattara komatsansa a Katsina. Hazo ya ragu, ruwan randa ya daina cizon hannu da asuba, ƙananan yaran da aka yi wata uku ana ƙunshe su cikin riguna biyu-uku ana shafe musu kaushi da man kaɗanya sun fara fitowa tsakar gida. A kan waɗannan yara nake so mu tattauna a yau, wato 'yan yaye, masu shekara biyu zuwa huɗu, waɗanda sun sauka daga baya amma ba su kai ɗaukar allo ba. Tambayata ita ce: wa yake karantar da su a da, kuma wa yake karantar da su yanzu?

Abin da tarihi ya rubuta da abin da ya bari

Duk wanda ya karanta tarihin wannan birni ya san sunayen manyan malamansa. Ya san hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ya san Shaihu Al-Maghili ya ratso Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar a wannan zamanin. Ya san Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya kuma bar sharhi a kan Ishiriniya. Ya san Muhammadu Al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan mahaifin masanin tarihin nan Al-Jabarti.

To amma babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da aka haifa da tawada a hannu. Kowannensu an goya shi, an yaye shi, wata mata ta riƙe hannunsa ta ce masa ya ci da dama, ta maimaita masa kalmar shahada har harshensa ya saba. Littattafan tarihi sun kiyaye mana silsilar malamai, wane ya karanta wurin wane, amma sun yi shiru game da wannan aji na farko. Dole mu nemo labarinsa a wurare biyu: littattafan fiƙihun da kakanninmu suka karanta, da kuma al'adar da ta wanzu a gidajenmu.

Abin da ke cikin littattafai

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya sanya cikar shayarwa shekara biyu ga wanda yake son cikawa, ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uba, ya kuma sanya yaye kafin lokacin ya zama bisa yarda da shawarar juna tsakanin miji da mata. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa nonon da yaro ya sha a cikin shekara biyun nan, har da ƙarin wata biyu idan ba a riga an yaye shi ba, yana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Haka nan sun bai wa uwa haƙƙin riƙon ɗanta namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta.

Risala, wadda babu zauren ilimi a Katsina da ba a karanta ta, marubucinta Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, domin yara ya wallafa ta tun asali. A gabatarwarta ya kamanta koyar da ƙaramin yaro da zane a kan dutse. Imam Gazali kuma, a cikin Ihya'u, ya bayyana yaro a matsayin amana a hannun iyayensa, mai karɓar duk abin da aka zana a zuciyarsa. Ashe kakanninmu ba su jahilci nauyin waɗannan shekaru ba. Abin lura shi ne littattafan sun sanya umurni da salla a shekara bakwai. Kafin nan babu tilas, babu bulala. Sai koyi da ido da kunne.

Yadda gida yake a da

Wata shaida mai daraja da muke da ita ita ce ta Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi, aka san su da ita. Ba Bakatsiniya ba ce, sai dai abin da ta siffanta na suna da wankan jego da yaye da riƙo, tsofaffinmu na Kambarawa za su ce haka suka taras.

Tsarin shi ne, yaro yakan yi kusan shekara biyu a bayan uwarsa. Ranar yaye a karɓo masa rubutu wurin malam, a kai shi ɗakin kaka ko goggo ya yi kwanaki har ya manta nono, a riƙa lallashinsa da kunu da fura. Wani ya dawo, wani kuwa can zai zauna har girma. Daga nan sai hannuwa su yi yawa a kansa. Kaka ce mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, kuma abokiyar wasa, wadda yaro zai faɗa wa abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Yayarsa 'yar shekara bakwai ce mai goyonsa idan ana daka. Kishiyar uwa tana da ikon tsawata masa. A zaure kuwa yana jin almajirai suna biya karatu a gefen wutar kara a daren sanyi, har Fatiha da Nasi da Falaƙi su zauna masa tun bai san babbaƙu ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Magana ce ta siffanta yadda aka raba aiki.

Wannan makaranta ba ta da allo, amma tana da manhaja: gaisuwa da durƙuso, bisimilla kafin loma, cire takalmi a bakin ɗaki, ba baƙo ruwa, rufe tsiraici, da sanin wane ne babba. Da ita ake kai kolo gaban malam.

Gyaran da masu jihadi suka kawo

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya gane cewa wannan makaranta ba za ta fi malamanta ba. A cikin Nurul Albab ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai a waje safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta mayar da wannan suka aiki. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijan mata jajoji, su riƙa kai karatu ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Wanda duk ya karantar da kaka, babu shakka ya karantar da jikokin da za a kai mata yaye.

Ba duk abin da muka gada ne addini ba, kuma wajibi ne mu rarrabe. Kunyar ɗan fari, wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane, al'ada ce. Sunna kuwa ta nuna mana Manzon Allah (SAW) yana salla ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya tashi ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Yakan tafi har unguwannin gefen Madina, gidan wani maƙeri mai cike da hayaƙi inda ake shayar da ɗansa Ibrahim, ya ɗauke shi ya sumbace shi. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce a kan rashin jin ƙai. Haka nan gorin da ake yi wa mai kwanika: hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sannan ya fasa. Hikimar ba da tazara don lafiyar uwa da ɗa tana nan, amma gori ba shi da gurbi.

Ƙarshen sanyi da kabarin yara

Kada mu ƙawata jiya fiye da kima. Tsofaffi suna tsoron wannan tsakani na fitar hunturu da shigar bazara, domin lokacin ne baƙon dauro da sanƙarau suke shiga gari, kuma 'yan yaye ne a sahun gaba. Akwai gidajen da uwa ta haifi goma ta binne biyar. Agana ta bar zane a fuskokin kakanninmu, sai a 1980 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawa a nan Arewa. A 2020 ne aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Waɗannan ni'imomi ne da suka zo ta hanyar rigakafi, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Amma haɗarin yaye bai gushe ba. A 1935 wata likita, Cicely Williams, da take aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta sanya wa wani nau'in tamowa sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙaninsa. Yaron da aka cire daga nono aka bar shi da kunu tsararo, ba wake, ba gyaɗa, ba ƙwai, ba zogale, zai kumbura ko ya rame. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ayar da ta ɗora ciyarwa a kan uba ba ta tsufa ba, haka nan haƙƙin maƙwabci da zakkar da ake jinkirtawa.

Inda muka tsinci kanmu

Ƙarni na 20 ya buɗe makarantu masu suna. An kafa Kwalejin Katsina a 1921 a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Makarantun Islamiyya masu aji da benci suka bazu daga shekarun 1950. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976. Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya tsallake ganuwa, matasa suka bar gidajen gado suka koma haya a sababbin unguwanni. Alheri ne mai yawa: uwayen yau sun fi kakanninsu iya karanta Alƙur'ani da tajwidi. Sai dai makarantar da ba ta da suna ita ce ta yi asarar malamanta. Aikin da mutum goma suke yi ya dawo kan mace ɗaya a ciki da falo, miji ya fita tun safe, kaka tana wata unguwa. Idan ta gaji, wa zai zarge ta in ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta ɗora tukunya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

A ajin da nake koyarwa ina ganin sakamakon. Yaro ɗan shekara biyar yakan zo ya riga ya iya sallama da addu'ar cin abinci, ya iya zama ya saurara. Irin wannan karatu ba ya yi masa wuya. Wani kuma yakan zo da haddar tallace-tallacen waya, sai mun shafe zango guda muna koya masa zama. Ba bambancin ƙwaƙwalwa ba ne. Ni ma ina da 'yar yaye a gida, kuma na lura ba ta koyon abin da na faɗa mata, abin da ta ga ina yi take yi. Da ta ga an shimfiɗa darduma sai ta kifa goshi a ƙasa, ba wanda ya umurce ta.

Ba za mu iya mayar da babban gida ba, amma za mu iya mayar da hannuwan. Uba shi ne na farko da ya kamata ya cike gurbin kaka da goggo: ya ɗauki ɗansa, ya ci abinci tare da shi, ya ba shi labarin Annabawa bayan Magariba, ya karɓe shi don uwar ta runtsa. A riƙa kai yara wurin kakanni ranar Juma'a, ba sai da salla ba. Maƙwabta mata su riƙa karɓar wa juna. A duba katin rigakafi tun zafi bai kankama ba, a kuma duba abin da ke cikin kofin kunu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu mai taushi, don ɗanyen icce ma yana karyewa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu waɗanda tarihi bai rubuta sunayensu ba, Ya saka musu da Aljanna Firdausi. Allah Ya raya mana zuriya bisa Alƙur'ani da Sunna, Ya kare su daga cututtukan bazara, Ya kai mu damina lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.