Yadda Keke Ya Dawo Titunan Maiduguri

Duk wanda ya fito daga Dala da safe zai nufi Kasuwar Monday ya san cacar bakin da ake yi tsakanin direbobi da masu keke. Direba na cewa mai keke ya tare masa hanya, mai keke na cewa an matse shi har bakin kwata. Wannan rigima tana da tarihi.

A zamanin iyayenmu keken Raleigh abin alfahari ne, malamin makaranta da ma'aikacin En'e ke hawansa. Daga baya babur ya karɓe gari, acaba ta zama sana'ar dubban matasa, aka jingine keke a zaure.

A watan Yulin 2011, gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawan babur a Maiduguri, saboda 'yan Boko Haram a kansa suke kai hari su tsere. Cikin ɗan lokaci ɗan kasuwa da ɗalibi da leburan gini suka koma kan keke, Keke Napep kuma ya maye gurbin acaba. Rikicin ya kuma koro jama'a masu yawa daga ƙauyuka zuwa cikin birni, titi ya cika. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, har wasu masu mota suka ajiye ta suka sayi keke.

Ke nan yawancin masu keken nan larura ce ta hau da su. Titunanmu kuwa don mota aka tsara su. An samu gadar sama a Kwastam, amma mai keke har yau gefen kwalta yake raɓawa, inda yashi ya taru, inda kuma mai Napep ke tsayawa ba sigina don ɗaukar fasinja. Idan aka yi karo, mota fenti za ta rasa, shi kuwa ƙafa ko rai.

Masu keke ma da nasu laifin: bin hannun da ba nasu ba, tafiyar dare babu fitila, da birkin da ya mutu.

Don haka muna roƙon direbobinmu su rage gudu su ba da tazara in za su wuce keke. Iyaye kuma a duba birki da fitilar keken yaro kafin ya fita. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ƙara wa Borno zaman lafiya.

Sakataren Ƙungiya