Wa Ke Naɗa Limamin Coci a Bakin Iyaka?

A Amurka, idan limamin ƙaramar majami'ar Episkofal ya sauka, masu ibada ne ke kafa kwamiti su nemo magajinsa, bishop ya amince. A cocin Angilikan na Nijeriya kuwa, duk da tushensu ɗaya, bishop ne ke tura limami. Don haka ga Kiristocin yanki irin Bagudo, inda Jihar Kebbi ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, nisan bishop babban al'amari ne.

Nisan nan yana da tarihi. A 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan masarautu irin Gwandu, wadda Bagudo ke cikinta. Majami'u da yawa a Arewa sun fara ne da baƙi, 'yan kasuwa da ma'aikata Yarabawa da Ibo. A 1954 bishop guda ne ke riƙe da Arewa duka daga Kaduna. Sai a 1990 aka kafa dayosis ta Sakkwato, Josiah Idowu-Fearon ya zama bishop na farko. Ta Kebbi ta biyo baya a 1996 ƙarƙashin Edmund Akanya.

Matsowar bishop ta rage jira, amma ba ta kawar da shi ba. Inda babu limami, katikis na iya jan addu'a da wa'azi, amma ba shi da ikon tsarkake Jibin Ubangiji. Wanda aka turo kuma dole bakinsa ya iya Hausa, domin ita ce ke haɗa ɗan ƙasa da baƙo a benci ɗaya.